Yadda Matsoracin Kare Zai Zama Farfesan Karnukan Jamus a Daura

Kai da kake karanta wannan, kada ka wahalar da kanka wajen ɓoye-ɓoye, an san halinka. In ka hango kare kwance a bakin lungu, nan take sai ka tuna ka manta wani abu a gida. Amma kuma zuciyarka tana kwaɗayin girman da ake ba samarin nan masu karen Jamus, ƙaton nan mai baƙin baya da jajayen ƙafafu da kunnuwa a tsaye, wanda yanzu in ba ka da shi ba a lissafa ka cikin masu abin hannu. To kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan yadda suke, tabbas sai an kira ka gwani, sai an miƙe in ka iso majalisa. Ba a littafi aka karanto su ba. A kan Munzali mai gyaran waya, wanda shagonsa ke bakin tasha, aka gan su ɗaya bayan ɗaya, kuma yana nan da ransa.

Mataki na 1: Ka fara da hoto

Kada ka sayi kare. Kare yana da haƙora, hoto ba shi da su.

Munzali ya ci karo da hoton wani karen Jamus a waya, ya ga ya yi masa kyau, sai ya ɗora shi a fuskar lambarsa kamar yadda wani zai sa hoton mota. Wata rana wani abokin cinikinsa mai suna Hafizu ya kawo gyara, ya hango hoton, ya tambaye shi ko nasa ne. Lokacin Munzali yana riƙe da ɗan sukudireba a baki, sai ya ce, "Uhm."

Ka lura da hikimar wannan amsa. Ba a ce e ba, ba a ce a'a ba, kuma babu alƙalin da zai kama mutum da "uhm". Kafin la'asar Hafizu ya jefa shi cikin guruf ɗin waya na masu karnukan Jamus na Daura da kewaye, ya gabatar da shi a matsayin wani babban da ya daɗe yana ɓoye kansa.

Mataki na 2: Ka ajiye karenka inda ba a zuwa

Za a ce a zo a gan shi. Kada ka ce yana Dutsi, Dutsi kusa ce, wani ɗan ƙwaƙƙwafi zai hau babur. Ka tsallakar da shi iyaka.

Munzali ya ce nasa yana can ƙetaren Kongolam, cikin Nijar, yana gadin gonar wani kawunsa. In aka matsa, ya ce hanya ba daɗi. In aka ƙara matsawa, ya girgiza kai ya ce ba zai ɗauki alhakin ran kowa ba, domin karen nan ko kawun nasa sai ya yi sallama daga nesa. Karen ƙarya ya fi na gaskiya sauƙin riƙo: ba ya ci, ba ya ciwo, kuma kullum ƙara girma yake yi.

Mataki na 3: Ka ba da fatawa, kada ka taɓa yin tambaya

Za ka tarar hirar guruf ɗaya ce safe da yamma: na wa ya fi zafi. Wannan ya ce nasa ya kori mai karanta mitar wuta har ya bar takalmi, wancan ya ce nasa ya sa surukinsa ya daina zuwa karin kumallo. Ba mai tambayar ko karen ya sha ruwa yau. A irin wannan wuri, mai tambaya ɗalibi ne, mai tsawa malami.

Munzali ya shiga aika saƙon murya, yana ƙasa da muryarsa kamar mai karanta labarai. Ya ce duk mai son karensa ya yi zafi, ya kulle shi a ɗaki mai duhu. Sarƙa ta zama gajera. Kada ya ga fuskar kowa sai ta mai shi. Kada a shafa shi, shafa tana kashe zuciyar kare. A bar shi da 'yar yunwa, don ƙoshi na malalata ne.

Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba. Ya zauna ne kawai ya siffanta duniyar da yake mafarki, inda kowane kare yake ɗaure cikin ɗaki, ƙofa a rufe, shi kuma yana wucewa abinsa. Mutanen guruf suka ce wannan magana ta wanda ya ga jiya ce. Suka sa masa suna Farfesa, suka ɗora shi cikin masu iko da guruf.

Mataki na 4: In an ce taro, ka nemi tudu

Ran Juma'a bayan la'asar sukan fito da karnukan wani fili a bayan gari, a yi ta nuna su. Dole ka halarta, amma ba dole ka sauka ba.

Munzali ya bayyana musu cewa warin karensa na Nijar ya riga ya kama jikinsa, in nasu suka shaƙa za su haukace don kishi. Saboda tausayinsu ne, in ji shi, zai tsaya a bayan motar a-kori-kura. Daga can sama yake nuna su da yatsa, yana cewa wannan ƙirjinsa ya yi, wancan a rage masa tuwo. Ilimi daga sama yake saukowa, kowa ya san wannan.

Mataki na 5: Ka shirya wa ranar da wani zai yarda da kai fiye da kima

A kowace makaranta akwai ɗalibin da ba ya barin ko wasali. Na Munzali shi ne Alhaji Ma'aruf, dillalin raguna da ke kai da kawowa tsakanin kasuwar Mai'aduwa da bakin iyaka. Ya sayo kwikwiyo daga Jos, ya sa masa suna Janar, ya gina masa ɗan ɗakin kwano a ƙuryar gida, ya bi fatawar Farfesa har bazara ta shigo ta same shi a ciki.

Wata safiya mahaifiyarsa, Hajiya Maimunatu, tana neman wata tsohuwar rariyarta, ta tura ƙofar ɗakin. Janar bai taɓa ganin ta ba. Ya yi tsalle iya tsawon sarƙarsa ya cafki mayafinta, ta faɗi da baya kan turmi ta gurɗe hannu. Ba ta yi hayaniya ba. Ta sa aka ɗaure mata hannu, ta haɗa kayanta ta tafi Mashi gidan 'yarta, ta bar saƙon cewa ita da wannan dabba ba za su sake kwana gida ɗaya ba. Mai unguwa kuma ya kira Alhaji ya gaya masa unguwar cike take da yara: ko a gyara karen, ko a harbe shi.

Da rana tsaka Munzali ya dawo gida cin abinci, ya tarar da a-kori-kura a ƙofa. An riga an shigar da Janar, majiya ƙarfi sun ɗaure shi a jikin darbejiyar tsakar gida. Alhaji ya kama hannun Munzali da hannu biyu.

"Farfesa, duk abin da ka ce na yi, ban bar komai ba. Zafin ne ya yi yawa. Ka ɗan rage min shi kafin a shawo kan Hajiya ta dawo. In ba kai ba, harsashi."

Munzali ya ƙura wa darbejiyar ido. Alhaji ya ɗauka natsuwar masana ce, ya yi godiya ya shiga mota.

Firdausi, matar Munzali, tana tsaye a bakin ɗakin girki. Ita ce ta taɓa ganin mijin nata ya tsallake kwata saboda ɗan kwikwiyon da ko ido bai gama buɗewa ba. Ba ta yi masa gori ba, abin da ya fi gorin ciwo. Ta dai shimfiɗa sharuɗɗanta: kare ba zai taka ɗaki ba, kwanonsa daban, ba zai kusanci randa ba, kuma ba ita ta yi digiri a kansa ba, don haka ba ita za ta ba shi abinci ba.

"Bismilla, Farfesa," ta ce, ta miƙa masa ƙanzo a tsohon kwano. "Ɗalibinka na jira."

Mataki na 6: Ka bar tsoro ya yi maka jagora

A nan ne masu ƙaramin sani suke kuskure, su ce a yi ta maza. Kada ka yi ta maza. Maza suna asibiti.

Munzali ya fara da leƙe ta taga. Ya zaci zai ga zaki. Abin da ya gani shi ne haƙarƙari a waje, kunnuwa cike da kaska, wuya ya yi miki inda sarƙa take ci. Hasken rana ma damun karen yake yi, sai ƙifta ido. Can iska ta kayar da bokiti, Janar ya zabura ya maƙale a bayan itacen, wutsiya a matse, jiki yana ɓari. Munzali ya daɗe a tagar. Wannan ɓarin ya san shi, tun yana yaro yake fama da irinsa. Ya kuma san bakin da ya gina ɗakin kwanon nan, ko da ba shi ya riƙe guduma ba. Abincin ranar bai shiga ba.

Ga yadda matsoraci ke kiwon kare, ka rubuta. Ruwa, da doguwar gora yake tura masa, kuma saboda kada ƙishi ya harzuƙa shi, kwanon ba ya bushewa. Abinci, daga nesa yake jefawa, kuma saboda ya ji an ce ƙosasshen kare ba ya cizo, har da romon kai da ƙashi daga wajen mahauta. Tsawa kuwa babu, domin in ya zo gaban karen muryarsa takan maƙale, sai wata 'yar siririya mai taushi take fita. Ido ba ya iya haɗawa da shi, don haka sai ya kawo wayoyin gyara gida, ya zauna can nesa a kan tabarma, ya ba shi gefe yana ta aikinsa. Kullum tabarmar tana ɗan matsawa, shi da kansa bai san wa ke jan ta ba.

Sannan ya tafi asibitin dabbobi, ba don karen ba, don ya ji ko wanda kare ya ciza yana rayuwa. Likitar, Dakta Zaituna, ta ce yana rayuwa in an yi wa karen rigakafin hauka, ta tambaye shi yaushe aka yi wa nasa. Da ta ga yana kallon silin, sai ta ɗauki jakarta ta biyo shi. Ta sa wa Janar takunkumi cikin dabara, ta yi masa allura, ta wanke mikin, ta ba da maganin kaska. Ta ce a cire sarƙar a sa igiya mai tsawo, a riƙa fita da shi yawo, in ya yi abin kirki a ba shi lada nan take. Ta ce irin wannan kare makiyayi ne, an yi shi don aiki da zama cikin mutane, in aka kulle shi hankalinsa ne ke taɓuwa.

"Wai wane jahili ne ya ce a sa shi a duhu?" ta tambaya tana wanke hannu.

"Wani ne a waya," in ji Munzali. "Allah ya shirye shi."

"Amin," in ji Firdausi daga ɗakin girki, da ƙarfin da ya wuce buƙata.

Mataki na 7: In abin ya zo, kada ka motsa

Ranar da aka yi ruwan fari, hadari ya taso da yamma daga gabas. Munzali ya kwashe wayoyinsa ya fake a zaure, ya zauna kan benci. Ya manta igiyar yanzu doguwa ce. Aka saki wata tsawa da ta girgiza kwanon rufi, sai ga Janar a guje, ya faɗo zauren, ya cusa kansa tsakanin gwiwoyin Munzali ya lafe.

Gudu ba hali, ihu ba murya. Munzali ya karanta duk abin da ya haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Yana jin zuciyar karen tana bugawa a ƙaurinsa, tasa tana amsawa. Duk tsawar da aka yi, su biyun suke zabura tare. Da ruwa ya tsagaita ya duba, sai ya ga hannunsa a kan karen, yana shafa bayan kunnensa, bai san tun yaushe ba.

Firdausi ta leƙo, ta dube su, ta koma. Ta dawo da buta da sabulu ta ajiye masa a bakin ƙofa.

Daga nan aka fara fita yawo bayan sallar asuba, ta bayan gari inda gonaki suka fara tsiro. 'Yan guruf da turanci suke ba karnukansu umarni, wai kare ɗan ƙasar waje ba ya jin Hausa. Munzali in ya tsorata turancinsa guduwa yake yi, don haka "zauna" ya ce, "zo" ya ce, "bari" ya ce, yana sakayya da ɗan guntun ƙilishi. Janar bai nemi tafinta ba.

Mataki na 8: In gaskiya ta zama dole, ka sa mata rigar ƙarya

Damina ta yi nisa kafin 'yan'uwa su shawo kan Hajiya Maimunatu. Ta ce za ta dawo, amma sai ta ga dabbar da idonta. Aka taru a ƙofar gidan Munzali: ita a kan kujera, mai unguwa a gefe, Alhaji Ma'aruf, da 'yan guruf da suka zo kallon aikin Farfesa, kowa ya ɗaga waya.

Munzali ya fito da Janar. Gashi ya kwanta yana sheƙi, wuya ya warke. Ya ce zauna, ya zauna. Wata akuya ta ratsa ta gabansa, ya bi ta da ido kawai. Mai unguwa ya gyaɗa kai ya ce shi dai ba shi da sauran magana.

Amma ta bayan taron aka fara gunaguni. Wani ya ce an lalata kare. Hafizu ya ce wannan ai tunkiya ce mai dogon kunne. Fuskar Alhaji ta canza. Ya ce ragewa ya ce a yi, ba kashewa ba, amma ba komai, in ya mayar da shi ɗakinsa ya ɗan ji duhu, zafin zai dawo daidai misali. Ya miƙo hannu zai karɓi igiya. Janar ya ji muryar, ya sunkuyar da kai, ya zagaya bayan Munzali ya manne da ƙafarsa.

To ga gwani a tsaka mai wuya. In ya miƙa igiyar, sunansa ya tsira, karen ya koma kwano. In ya ce duk abin da ya koyar shirme ne, wayoyin nan suna ɗauka, kafin magariba an gama da shi a Daura. Ya ƙara naɗe igiyar a hannunsa. Ya yi gyaran murya irin ta saƙon guruf.

"Alhaji, wancan tsarin da na ba ku, tsohon yayi ne. An yi ofdet, an sabunta shi kamar yadda ake yi wa waya."

Ya ci gaba da bayani kamar yana gaban mai waya: Jamusawa da kansu sun sauke tsohon tsari, yanzu duk karen da ke haushi barkatai ana ɗaukar sa kamar wayar da ke kashe kanta. Sabon tsari shi ne inuwa, ruwa, allura, yawo, da kare mai jin magana, wanda ya san ɓarawo ya kuma san uwar maigida. Ya ce manya a can ko sarƙa suka gani a wuyan karenka, sun gane ƙauye ka fito.

Ka riƙe wannan: ɗan Adam zai jure a ce masa azzalumi, amma ba zai jure a ce yana kan tsohon yayi ba. Nan take Hafizu ya ce shi dama ya fara jin ƙishin-ƙishin ɗin maganar.

Hajiya ba ta da waya mai shafawa, don haka ofdet bai kama ta ba. Ta sa aka matso da karen. Ta dube shi, ta dubi tabon wuyansa, sannan ta dubi ɗanta har sai da ya sunkuyar da kai. Ta ce ranar da ya cafke ta ta ɗauka mugu ne, yau ta gane ɗaurarre ne. Ta yanke hukunci cewa kare zai zauna inda yake, Alhaji zai riƙa aiko da abincinsa, in yana son ganin sa ya zo da ƙafarsa ya koyi riƙe igiya, ɗakin kwano kuma a zuba gawayi. Alhaji ya ce to, domin a gaban Hajiya ba shi da wata kalmar.

Da za ta tashi, ta yafito Munzali, ta rage murya.

"Ɗan nan, tun ɗazu nake kallon ƙafarka. Me ya sa take rawa?"

"Sanyi ne, Hajiya."

Ta dubi rana, ta dubi gumin da ke goshinsa.

"To. Shi ma na ga sanyin yake ji. Sai ku riƙe juna amana."

Mataki na 9: Ka ci girmanka

Yanzu ka kai. Guruf ya koma gasar wanda ya riga yin allura, har Dakta Zaituna tana tambayar abin da ya sami samarin garin. An ɓalle ƙofofin ɗakunan kwano da dama. Alhaji Ma'aruf yakan zo da safe ranar da ba kasuwa, ya riƙe igiya yana cewa "zauna" cikin ladabi kamar mai neman alfarma, kuma kwanan baya Janar ya fara amsa masa.

Sai dai girma yana da haraji. Duk wanda karensa ya gagara, ƙofar Farfesa yake nufa da shi, kuma darbejiyar gidan ba ta cika zama ba baƙo ba. Munzali yana karɓar su da doguwar gorarsa, 'yan guruf suna ɗaukar hotonta, wasu har sun sayi irinta.

In kana son ganin sa, ka fita hanyar Kongolam da sassafe. Za ka hango mutum da ƙaton kare suna tafe kafaɗa da kafaɗa, mutane suna ba su hanya. Ka ɗan jira har wata ramammiyar karyar unguwa ta ɗago kai daga kan bola. Ba wanda zai ja wani. Su biyun za su dubi juna, su tsallaka titi tare, cikin natsuwa, kamar dama can ɗaya gefen suka nufa.

Togaciya

Mai wannan rubutu ya ba da shawara ne kyauta, kuma abin kyauta ba a dawo da shi. In ka bi matakan nan aka ɗaure maka kare a tsakar gida, tsakaninka da shi ne. Yagaggen wando, gurɗaɗɗen hannu, kaska a tabarma, matar da ta daina yi maka gori ta koma yi maka murmushi, duk ba ruwanmu. Wanda aka ciza ya nufi asibiti, kada ya nufo nan. Wanda kuma ya wayi gari ya tarar yana tsaye a gaban mahauci yana zaɓar ƙashi mai ɓargo, yana cewa a ƙara don yaron nasa bai ci sosai ba jiya, to wannan ciwon ba mu san maganinsa ba, kuma ba mu ji an ce wani ya warke ba.